Wanda Ya Riƙe Ta

Tsohon mijin ƙanwata malamin makaranta ne, mutum mai sanyin murya, irin wanda zai yi maka mugunta yana tambayarka ya jiki. Da ya dawo da 'yarsu bayan hutu, kumatunta na dama ya kumbura suntum, ko ruwa ba ta iya kurɓa. Kurciya muke ce wa yarinyar, shekararta shida, kuma a kanta suke shari'a. Alƙali ya ce ranar Litinin zai tambaye ta da kansa wajen wa take son zama.

Ƙanwata ba ta ko tuna shari'ar ba. Tunaninta ya tafi kan allura, da jini, da ko wani haƙorin zai sake fitowa. Uban kuwa ya ce ya riga ya kama musu layi wajen likitan haƙori, shi ma zai kai mu a motarsa. Har godiya ta yi masa, baiwar Allah.

Likitan ya haska fitila a bakin, ya ce turmin haƙorin ya ruɓe har ya tara ruwa, kuma wannan ba ciwon jiya ba ne. Dole a cire yau. Ya ƙara da cewa allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai a inda ya kumbura, don haka sai babba ya hau kujerar, ya rungume yarinya ta baya, ya harɗe ƙafafunta da nasa.

Uban ya dafe ƙirji ya ce shi jini ke sa shi jiri.

"Maman Kurciya, ke kika fi ni ƙarfin zuciya. Ina nan waje."

Na ce ni zan riƙe ta. Uban ya ce ai yaro a jikin uwarsa ya fi samun natsuwa, likitan ma ya gyaɗa kai. Na so in yi gardama, amma yarinyar ta riga ta maƙale a wuyan uwarta.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Likita da mai taimaka masa duk sun rufe fuska da takunkumi, babu wanda Kurciya ta sani a cikinsu. Hannun da ta sani shi ne wanda ya danne mata goshi. Tana ta roƙon Mama ta sake ta, ta tuba, ba za ta ƙara ba. Ƙanwata na kuka tana ƙara matse ta, don likita ya ce in ta motsa saiwar za ta karye a ciki. Sai da siket ɗin uwar ya jiƙe da fitsari kafin haƙorin ya faɗo cikin tasa.

Ana sakinta ta zame ta yi ƙofa, auduga cike da baki. Muka bi ta. Uban na durƙushe a baranda da hannuwa a buɗe, jirin ya warke. Ya ɗauke ta, ya share mata haɓa da hankicinsa, ya tambaye ta a hankali wa ya yi mata haka.

Ba ta iya magana ba. Ta ɗaga yatsa ta nuna uwarta, wadda ke tsaye riƙe da takalminta ɗaya da ya fice.

"Ayya," in ji shi, yana shafa mata baya. "To kada ki manta. Ranar Litinin wani baba zai tambaye ki."