Ƙafa ta Bakwai

Jiya da dare, bayan na yi wa Gwaggo Tasalla alkawarin da na saba, na kwanta na yi wani mafarki. Alkawarin shi ne gobe zan zo da littafi in rubuta tarihin garinmu, Kukar Madugu, daga bakinta. Ita kaɗai ta rage da ta san shi, shekarunta sun haura casa'in, ni kuwa shekara shida ke nan ina cewa gobe, tun da na ajiye aikin koyarwa.

Sai ga ni a wani ofis da rana tsaka. A ƙofa an rubuta Ofishin Bajintar Duniya. Awaki ne ma'aikatan, kowace da teburinta. Ta farko tana cinye takardun da aka amince da su, ta biyu tana cinye waɗanda aka ƙi, mutum ba ya sanin matsayinsa sai ya duba wadda ta fi ƙoshi. Ban yi mamaki ba, na sha zuwa ofisoshi a rayuwata.

Layi ya yi tsawo, kuma duk mutanen Pakistan ne, kowa ya zo da tarihin da ya kafa. Na gabana ya riƙe atishawa shekara goma sha huɗu, yana ta roƙon kada kowa ya ambaci barkono. Wata mata ta dasa itace dubu a yini guda, itatuwan sun biyo ta domin ba da shaida, sun tsaya a bayanta cikin ladabi.

Can na hango Mista Ƙureshi, ɗan Pakistan ɗin da ya koyar da mu lissafi a sakandare, rabona da shi shekara arba'in. Har yanzu da alli a hannunsa. Ya ce shi ne ya fi kowa a duniya daɗewa yana jiran ɗalibi ya kawo aikin gida, kuma ɗalibin ni ne. Kunya ta rufe ni. Sai ya ja ni gefe ya ce in bar wannan tukuna, yau ake goge garuruwan da ba su kafa komai ba, kuma ya ga sunan garinmu a jerin.

Shugaban ofishin bunsuru ne mai tabarau. Taswirar Kukar Madugu na shimfiɗe a gabansa, mutane ƙanana suna kai da kawowa a cikinta, har na gane hayaƙin gidanmu. Ya tambaye ni wane tarihi muka kafa. Na ce, ranka ya daɗe, mu ba kafa tarihi muka yi ba, muna da shi ne, garinmu ya girmi hanyar mota, ya girmi jirgin ƙasa. Ya ce tsufa ba bajinta ba ce, kowa na iya yi in ya jira.

Ya miƙo mini fom. Tafiretar ofishin ba ta da haruffa masu ƙugiya, sai wata akuya ke bi da biro tana sa ƙugiya inda ta ga dama. Inda ya kamata a ce kafa tarihi, ya koma ƙafa tarihi. Na nuna masa kuskuren, kamar yadda na shekara talatin ina nuna wa yara. Ya ce abin da aka buga wa hatimi ba ya kuskure.

“Tarihinku ƙafa nawa gare shi?” in ji shi.

Na ce bakwai, don Gwaggo takan ce rijiyoyi bakwai Madugu, wanda ya kafa garin, da mutanensa suka haƙa, a kansu garin ya tsaya, kowace da unguwarta. Ya ce to in faɗi sunayensu, wadda na kasa, zai goge unguwarta da duk abin da ke ciki. Ya fito da wani guntun gwangwani mai huje-huje ya ajiye kan taswira.

Sai ga mu a tsakiyar gari, da shi da teburinsa. Ana ruwan sama, amma daga cikin rijiyoyi yake fitowa yana hawa sama, mata sun kifa bokitai a kansu suna tara shi. Mista Ƙureshi ya tsaya a gefe zai riƙa ƙirgawa da alli a jikin iska.

Na fara da Rijiyar Madugu. Ruwanta ya tsaya, ya juyo ya koma ciki. Na kira ta Maƙera, na kira Mai Kanwa, na kira ta Kuturu. Rijiyoyin Tagwaye suka ba ni biyu a tashi ɗaya, ta biyar da ta shida. Har na fara jin kaina, ina gyara hula.

“Saura ɗaya,” in ji bunsuru.

Ta bakwai ita ce ta bayan gidanmu. Shekara sittin ina shan ruwanta, kuma duk unguwa rijiya kawai muke ce mata. Na san tana da suna. Gwaggo ta sha faɗa mini, ina cewa to, to, kunnena na kan rediyo. Na ce Rijiyar Kuka. Ya girgiza kai. Na ce ta Liman. Bai ma dube ni ba, ya ɗora gwangwaninsa a kan taswira ya fara goga, ƙarr, ƙarr.

Marinar unguwa ta tafi da fari, ba ƙura ba kuka, wurin ya zama farar takarda. Sai dakalin da muke hira. Sai gidan maƙwabcinmu da shanyarsa. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba.

“Barau, amsar tana gida,” in ji Mista Ƙureshi. “Kullum amsarka tana gida.”

Na sheƙa da gudu, hanya kuma tana gudu ta baya. Na hango Gwaggo zaune a ƙofar ɗakinta, farin ya ci katanga ya taho har gefen tabarmarta. Bakinta na motsi, na san sunan take faɗa, amma muryar tana bin ruwa zuwa sama. Na ce, “Gwaggo, don Allah ƙara faɗa.”

Ta dube ni ba fushi, ta ce, “Gobe, Barau.”

Ƙarr, ƙarr. Na buɗe ido, gari ya waye, ƙarar ba ta daina ba. Gwaggo ce a tsakar gida tana gogar goronta a magogi, don haƙoranta sun daɗe da tafiya. Ban tsaya neman littafi ba, na yage bayan kalanda na fita ba takalmi, na durƙusa na tambaye ta sunan rijiyar bayan gida.

Ta karkaɗe magogin a tafin hannunta tukuna.

“Sau nawa zan gaya maka? Rijiyar Barau ce. Sunan mai ita ka ci.”