Waya a Gidan Maɗora

A daminar 1957 ina juya ƙarfen da ake jawo guga da shi daga ramin kuza a Riruwai, sai mariƙin ya ƙwace mini, ya juyo da baya ya same ni a haɓa. Ban ma faɗi ba. Zama kawai na yi ina kallon haƙorina guda a tafin hannu. An yi dace motar kamfani tana shirin tafiya Kano, aka saka ni a ciki kafin labari ya kai gida. Da labarin ya riga motar, da ba a asibiti zan kwanta ba, domin gidanmu gidan maɗora ne. Tun zamanin kakanmu, duk wanda ya karye daga Doguwa har Tudun Wada zaurenmu ake kawo shi, kuma tun rasuwar mahaifina, ƙanensa Baffa Mudi ke riƙe da ɗorin.

A asibiti aka sa ni barci, aka yanka, aka haɗa muƙamuƙin da ya karye, sannan aka ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya. Ranar da za a sallame ni, malamin asibitin, wani Bazazzagi mai haƙuri, ya ce kwana arba'in da biyu wayar za ta yi, babu ragi. Ya nuna mini mutumin da ke gadon kusa da nawa. Shi nasa ɗaurin ya kwance a kwana na goma don ciwo ya ishe shi, ƙashin ya kama a karkace, shekara guda bai tauna komai ba, sai da aka sake karya shi. Na daɗe ina kallon bakin nan da ya koma gefe. Aka ba ni farar ƙwaya cikin kwalba, a niƙa ɗaya da safe ɗaya da yamma.

A gida na koyi zama da ciwon sannu a hankali. Inna, mahaifiyata, takan tace kunu sau biyu, in zuƙa da karan ganyen gwanda ta gurbin haƙorin da ya fita. Ina kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. In kumatun ya ɗau zafi, in tsoma tsumma a ruwan randa in ɗora. Barci kuwa a jingine da bango nake yi, don in na kwanta sai in ji kamar ana buga ƙusa a ƙasan kunnena. Magana tana fita ta tsakanin haƙora, amma kowace kalma da zafinta.

Abin da ban yi la'akari da shi ba, Inna ce ke ajiye kwalbar, kuma Inna ba ta iya ganin baƙo ya fita hannu sake ba. Masu dubiya suna ta zuwa. Wannan ta ce kanta ke sarawa, waccan ta ce mijinta na fama da kwankwaso, sai Inna ta zazzaga musu biyu-biyu a gefen mayafi. Ranar kwana na sha uku da safe ta juya kwalbar, babu komai.

"To ai sun zo duba ka ne, Surajo," in ji ta. "Ya zan yi da su?"

Da gaskiyarta a nata ganin.

Kwana biyu babu ƙwaya, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Yana tashi daga haɓa ya bi kunne ya shiga ido. Ina zaune a gindin rumbu ina juya kai, hawaye na zuba ba da nufina ba. A haka Maijidda, 'yar kawuna kuma abokiyar wasana, ta same ni. Ta kawo ruwan kanumfari a ɗan ƙoƙo.

"Jakin Turawa, an sa maka linzami ka yi shiru," in ji ta. "Da tun kana yaro aka ɗaure bakin nan da garin ya huta."

"Ki bari a kwance," na ce ta cikin haƙora. "Ke zan fara ciza."

Ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Baffanka ya aika maƙera a kawo awartaki. Inna ta je ta yi masa kuka, wai ba ta iya ganinka haka."

Da hantsi aka kira ni zaure. Baffa Mudi yana kan buzunsa, dattawan unguwa uku a gefe, awartakin a gabansa, ga tsumman ɗauri da man shanu. Kusa da ƙafarsa kaza ce baƙa an ɗaure mata fukafukai. Al'adar gidanmu ke nan: in za a yi ɗori mai wuya, sai a karya ƙafar kaza a ɗora ta tare da mutum, ranar da ta taka shi ma ya warke. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake kowa ba, duk da kowace gaisuwa sai da ta ja mini jijiya.

"Matso nan," in ji Baffa. "Na yi shiru kwana goma sha biyar don ka dawo da wahala. Ƙarfe ne ke cin naman bakinka. Zan cire shi, in ɗaure maka da hannuna, yau za ka yi barci a kwance."

Wallahi na so barcin nan. Na kalli awartakin, na ji kamar in miƙa haɓar da kaina.

"Baffa, ka yi haƙuri," na ce. "Saura kwana ashirin da bakwai."

"Me ya ce?" in ji wani dattijo.

"Lissafin Nasara yake mini," in ji Baffa. "Surajo, ƙafar wa na ɗora maka lokacin da ka faɗo daga tsamiya?"

"Tawa."

"Kana ɗingishi?"

"A'a."

"To?"

"Ƙafa daban, Baffa. Ita ana sa mata kara ta kwanta. Baki ba ya kwanciya. Ko hamma na yi zai goce. Na ga wanda ya cire tasa."

"Ba a gidan nan ya cire ba." Ya juya wajen dattawan. "Kun ji ko? Mutum ya taho da karaya tun daga Kiru a kan jaki, ya iske ɗan gidan da wayar asibiti a baki. Me zai ce? Ya ce masu gidan ma ba su yarda da hannunsu ba."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Yaro, ba a jayayya da uba. Ka bari a taimake ka."

Ni dai ban taɓa musu da Baffa ba tun da aka haife ni. Ko muryata ban taɓa ɗagawa a zauren nan ba, yanzu kuwa ko na so babu hali. Baffa ya ɗauko kazar, ya kama ƙafarta da yatsu biyu, ya ce a riƙe mini kai. In ƙafar nan ta karye magana ta ƙare, don ba a karya kaza a fasa ɗori.

Sai na miƙa hannu biyu na rufe nasa hannun. Ban fizga ba. Na zare kazar a hankali, na kwance igiyar fukafukan, na ajiye ta a bakin ƙofa. Ta yi girgiza ta shige gida.

Na koma na durƙusa inda nake.

"Baffa, ka doke ni in ka ga dama, ba zan kare ba. Amma wayar nan sai ranarta."

Baffa ya ture awartakin gefe da ƙafa.

"In ya kama a karkace, kada ka tako zauren nan da shi. In ya kama daidai ma, ka riƙa shiga ta ƙofar baya. Ɗorin gidan nan kuma ba da kai ba."

"Na ji, Baffa."

Ƙwayar ba ta sake samuwa ba. Na ƙarasa da gishiri da tsumma da kanumfarin Maijidda, wani lokaci in fita in yi ta tafiya a gefen dawa har ƙafa ta fi baki gajiya. Daga mako na huɗu ciwon ya fara sauka da kansa. Baffa bai amsa gaisuwata ko sau ɗaya ba, ni kuma kullum da safe sai na tsaya daga waje na yi ta.

Ranar kwana na arba'in da biyu na hau motar kamfani. Malamin asibiti ya yanke wayar, ya ce in buɗe. Yatsa ɗaya kawai ya shiga. Ya ce in rufe. Haƙoran sama suka sauka a kan na ƙasa, kowanne a gurbinsa.