Abin da Kowa Ya Riga Ya Sani

Auta tana koyar da wani darasi a sashen lissafi na jami'a, wanda har yau babu wanda ya gane kansa a gidansu. Yayanta ya raɗa masa suna "ilimin wa ya san wa ya sani". Ba ta jin haushi, don bai yi nisa da gaskiya ba. Aikinta shi ne nuna yadda sanin mutum yake sauyawa idan labari ya same shi. Takan cika allo da ƙananan da'irori, kowace da'ira tana tsaye a madadin wata hanya da al'amari zai iya kasancewa. Da zarar an furta wata magana, sai ta ɗauki magogi ta share duk da'irar da maganar ta kashe.

Akwai misalin da ta fi so. Yara biyu sun dawo daga wasa, kowanne da laka a goshi. Kowanne yana ganin ta ɗan'uwansa, ba ya ganin tasa. Sai ubansu ya ce, "Akwai mai laka a goshi a cikinku." Bai gaya wa kowa sabon abu ba. Amma da ya tambaya ko akwai wanda ya san halin goshinsa, duka biyun suka yi shiru, kuma daga shirun nan kowanne ya gano kansa: da goshina fes yake, da ɗan'uwana ya riga ya amsa.

"Ku lura," takan ce wa ɗalibai, "abin da kowa ya sani daban ne da abin da kowa ya san kowa ya sani. Faɗa a fili ita ce gadar da ke tsakaninsu."

A lokacin nan gidansu cike yake da abin da kowa ya sani. Likita ya kira ta ofis ita da Yaya, ya nuna musu hoton cikin Umma, ya ce ciwon ya bazu, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa mata raɗaɗi. Tun a barandar asibiti Yaya ya riƙe hannunta. "Gyambon ciki ne, haka za mu gaya wa Umma. Kin ji ko? Kada iliminki ya ɗebe ki." Ta gyaɗa kai. Matar Yaya ma aka gaya mata, ita ma ta haddace.

Umma kuwa ta koma kan keken ɗinkinta da ke bakin tagar falo, inda ta ci rabin rayuwarta. Mace ce da bakinta bai san hutu ba. In ka bar ƙofa a buɗe ta tambaye ka ko a daji aka haife ka. In ka wanke kofi ta ɗaga shi ta duba a haske. A kwanakin, labule take ɗinka wa Auta, na ɗakin da jami'a ta ba ta a gidajen ma'aikata.

"Ni da kaina zan je in rataya," in ji ta. "Ke in aka bar ki, baibai za ki sa shi, ki tsaya kina masa lissafi."

Auta mai shiru ce tun tana ƙarama, kuma mai shiru ido gare shi. Ta ga Umma ta daina karɓar ɗinkin mutane, wai idonta ya gaji. Ta ga ta fara koya wa matar Yaya inda ake ɗiga wa keke mai. Wata safiya ta hango ta da tabarau tana karanta takardar da ke cikin kwalin magani, a hankali, leɓenta na motsi, sannan ta ninke ta yadda ta same ta, ta mayar. Daga ranar Auta ba ta ƙara shakka ba. Umma ta sani. Su ma sun sani. Kowa yana ɗauke da dutsensa a ɗaki ɗaya, yana yi wa ɗan'uwansa murmushi.

Auta tana son ta kwantar da kai a cinyar uwarta ta yi kuka, ba hali, don ba a yi wa gyambon ciki irin wannan kukan. Ta juya maganar ta kowace fuska yadda aka horar da ita. In ta faɗa, wa zai ji sabon abu? Babu. Wa za a cuta da abin da ya riga ya sani? Ta ga lissafin ya fita tsaf.

Ranar Asabar da la'asar, Yaya yana kan kujera yana kwance fankar sama, matarsa na miƙa masa sukudireba. Umma ta sa Auta ta riƙe mata gefen yadi, allurai jere a bakinta.

"Ja sosai mana," ta faɗa ta gefen baki. "Duk digirin nan a ce yadi ya fi ƙarfinki. Bari dai gyambon nan ya sake ni, sai na…"

"Umma, ba gyambo ba ne," in ji Auta. Muryarta ta fita siririya. "Kin sani. Mu ma mun sani."

Sukudireban ya tsaya a hannun matar Yaya. A waje wani mai babur ya wuce, ƙararsa ta yi nisa har ta ɓace. Umma ta zare alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, tana soka su a ɗan matashinsu.

"To, Farfesa," ta ce. "An faɗa."

Ta dubi yadin da ke kan cinyarta, ta shafa shi. "Na ɗauka za ku bari in kai ƙarshen wannan tukuna."

Yaya ya sauko daga kujera. Ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa gaban keken ya kifa kai, kafaɗunsa na rawa. Auta ta sami abin da take nema: ta rungume uwarta ta yi kuka har ta gaji, Umma na bubbuga bayanta. A wannan yammacin ta ɗauka ta yi daidai.

Washegari matar Yaya ta lulluɓe keken da zane. Da Umma ta miƙa hannu za ta yaye, sai matar ta ce, "Haba Umma, ai kin san halin da kike ciki." Da can ba wanda ya isa ya hana ta, domin hanawa sai da dalili, dalilin kuma ba ya faɗuwa. Yanzu yana faɗuwa. Umma ta janye hannunta.

Tunda maganar ta fito, aka sanar da dangi. Suka riƙa zuwa suna rage murya tun daga bakin ƙofa, suna zama a gefen gado suna kallonta. An mayar da ita ɗaki, an hana ta ko ɗauraye cokali. Ita ma sai ta sauya. Mutumin da kowa ya san zai tafi ba ya faɗa a kan kofi. Ta koma "na gode", "Allah ya yi albarka", "ku yafe mini". Auta ta bar ƙofa a buɗe da gangan. Umma ta dubi ƙofar, ta dubi Auta, ta ce iskar ma tana da daɗi.

Yaya bai yi wa Auta faɗa ba. Sau ɗaya kawai, suna tsaye a kicin, ya ce, "A da ina shigowa in ji tana zagina, sai in ce yau ma mun tsira." Ya ajiye kofin ya fita.

A aji, cikin makon, ta sake kawo labarin yaran nan da lakarsu. Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malama, in uban ya janye maganarsa fa? Sai a mayar da da'irorin da aka share?"

Auta ta dubi magogin da ke hannunta, ta dubi farin gurbin da ya bari a allo.

"A wannan tsarin sani ƙaruwa kawai yake yi," ta ce. "Babu ƙa'idar mayarwa."

Ɗalibai suka sunkuya suka rubuta.

Da ta koma gida ta yaye zanen keken. Labulen na nan yadda aka bar shi, gefe ɗaya a kalmashe, ɗaya a sake. Ta zauna ta taka. Ta juya yadin baibai, ta bar layin ya karkace son ransa, ta ƙyale zaren ya cukurkuɗe a kusurwa. Irin aikin da a da Umma za ta warware da reza tana tambayar wanda ya yi ko da ƙafa ya ɗinka.

Ta kai wa Umma ɗaki ta shimfiɗa a kan bargo. "Umma, na ƙarasa. Duba mini."

Umma ta sa tabarau. Yatsunta, da suka zama kamar tsinke, suka bi layin ɗinkin a hankali. Suka iso inda zaren ya cukurkuɗe, suka tsaya. Girarta ta ɗan haɗu, leɓenta ya motsa.

"Ya yi kyau, Auta. Allah ya yi miki albarka."

"Umma, baibai ne fa."

"Na gani," in ji Umma. Ta cire tabarau ta ninke. "Rataya shi haka nan, uwata. Zai tare rana."