Gaik Lean Ta Sauka a Penang

Tun kafin jirgin ruwan ya gama jingina da tashar tsibirin Penang, Gaik Lean ta riga ta ɗaura agogonta ta rataya jaka. Ɗansu ne ya biya musu wannan yawon shaƙatawa a teku, ita da mijinta Teik Huat, wai su huta. Kwana biyu suna cin abincin da bai da yaji, suna kallon ruwa. Yau jirgin zai yini a garin da aka haife ta, garin da rabonta da shi tun rasuwar mahaifiyarta, shekaru kusan talatin.

"Ga motar 'yan yawo can, har da na'urar sanyi," in ji Teik Huat yana nuni da sandarsa. "An riga an biya mana, Tsohuwa."

"Sai ka je. Ni wani yaro zai riƙe tuta ya nuna mini garinmu?"

"In jirgin nan ya tafi ya bar mu fa?"

"Sai ka koyi iyo."

Ya yi tsaki, amma ya bi ta. Haka yake tun aurensu, sai ya gama mita sannan ya biyo baya.

Da ƙafa suka bi titin bakin teku, rana tana dukansu. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Warin busasshen kifi da hayaƙin turaren wurin bauta suka tarbe ta tun kafin ta hango unguwarsu, gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, da doguwar gadar katako da ta ratsa tsakiyarsu. Da ta taka katakon farko, sai ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarta.

Amma unguwar ta canza. Baƙi sun cika gadar suna ɗaukar hoto. Gidan mahaifinta, inda a da ake shanya komar kamun kifi, yanzu riguna masu zanen garin ake sayarwa a ƙofarsa. Ta tsaya tana kallon tagar ɗakin da ta kwana a ciki har ranar aurenta. An yi mata shuɗin fenti.

"Ga kaya, uwar ɗaki! Mafici, hula, duk akwai!" wata tsohuwa ta kira ta daga rumfar da ke kallon gidan. Gajera ce, baƙa saboda rana, haƙoranta na gaba babu.

Gaik Lean ta ƙura mata ido. Wannan murya ko a cikin kasuwa za ta gane ta. Saw Kim ce, ƙawarta ta ƙuruciya, wadda suka yi makaranta tare har aka cire ta don ta taya uwarta sana'a.

"Har yanzu bakinki bai mutu ba, Saw Kim?"

Tsohuwar ta saki maficin da ke hannunta. Ta matso, ta leƙa fuskarta sama da ƙasa.

"Ƙaguwa? Ke ce? Kai, kin yi ƙiba kamar matar mai gidan gwal!"

Rabon da wani ya kira ta Ƙaguwa har ta manta. Sunan ya samo asali ne tun ranar da ƙaguwa ta kama mata yatsa ta yi ta ihu har unguwa ta fito. Suka rungume juna suna dariya, hawaye na zuba. Saw Kim ta dubi Teik Huat ta ce, "Wannan ne ɗan birnin da ya sace mana ke? Da can ma ba wani kyau gare shi ba."

"Sannu, Yaya," in ji shi a sanyaye.

Saw Kim ta bar rumfar a hannun maƙwabciya, ta ja su ƙarshen gadar, ta kawo musu taliya cikin romon kifi mai tsamiya da barkono. Gaik Lean ta sha har gumi ya jiƙa mata wuya. Ta riƙa tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya. Mai kwalekwalen da ke kai su tsallake ya rasu. 'Yan biyun gidan ƙarshe suna ƙasar waje. Malamar da ke dukansu da mafici ta kai shekara ɗari kafin ta tafi.

"Mugunta ce ta riƙe ta," in ji Saw Kim.

Suna cikin hira ruwa ya janye, laka ta bayyana a ƙarƙashin gidajen tana walƙiya. A nan suke tonon ƙumba, 'yan halittun ruwa masu ɓawo da ake ci, suna yara, su cika gwangwani su kai gida.

"Yanzu ba mai ci, ruwan ya ɓaci," in ji Saw Kim. "Amma tsanin da muke sauka da shi yana nan."

Gaik Lean ta cire takalmanta.

"Kada ki soma," in ji Teik Huat. "Da wannan gwiwar taki?"

Ta riga ta sauka. Lakar ta shige tsakanin yatsunta, da ɗumi, da santsi, daidai yadda ta san ta. Saw Kim ta biyo ta. Suka duƙa suna tono da hannu kamar yara, baƙi suna kallonsu daga sama. Ƙumba uku kacal suka samu, suka mayar da su. Da ta zo juyawa, ƙafarta ta dama ta nutse har gwiwa ta ƙi fita. Saw Kim ta ja, ta ja, dariya ta hana ta ƙarfi.

"Tsoho! Sauko ka cire ni!"

Teik Huat ya dubi fararen takalmansa, ya dubi matarsa. Ya ajiye sanda, ya sauko yana faɗa, ya kama ta ta hammata ya fizgo, su biyun suka zauna daɓas cikin laka. Mutanen kan gada suka tafa musu.

A bayan gidan Saw Kim suka wanke jiki da bokiti. Ta ba Gaik Lean zanenta, shi kuma ta ba shi riga daga cikin na sayarwa da wandon marigayi mijinta, wanda bai kai masa idon sawu ba.

Ta raka su har ƙofar tasha. Gaik Lean ta riƙe hannunta ta kasa saki.

"Zan dawo, Saw Kim."

"To ki yi sauri, ba jiranki zan yi ta yi ba." Ta zare hannunta ta juya, tana cewa maƙwabciyar nan ba ta iya ciniki ba.

Gaik Lean ta yi niyyar tsayawa a saman jirgi ta ga garin yana yin nisa. Ta ce bari ta ɗan miƙe ƙafa tukuna. Lokacin da jirgin ya yi ƙugi ya tashi, barci ya riga ya kwashe ta. Teik Huat bai tashe ta ba. Ya ja kujera bakin taga cikin gajeren wandonsa, ya zauna yana neman unguwar da ido har tsibirin ya ɓace.