Majalisar Bakin Shinge

Buroshin haƙorin Baba ba ya kwana a cikin kofi. Auta ta lura da haka ne wata safiya tana sauri za ta fita aiki. Nata yana tsaye shi kaɗai a gefen madubi, nasa kuwa da ya gama sai ya yarfe shi, ya naɗe a leda, ya mayar cikin jakar da ya zo da ita. Jakar ma tana nan a bayan ƙofar ɗakinsa, a zuge, kamar ta baƙon da mota ke jira a waje.

Watanni ke nan da ita da yayanta suka ɗauko shi. Tun rasuwar mahaifiyarsu shi kaɗai yake zaune a tsohon gidansu, can garin da aka haife su, har ranar da jiri ya kwashe shi a tsakar gida. Ya wuni kwance a ƙasa ba wanda ya sani, sai da maƙwabci ya leƙo aron tsani. Likita ya ce kada a sake barinsa shi kaɗai. Gidan Yaya cike yake da yara, ita kuwa tana da ɗaki biyu da falo a saman bene, ba miji ba ɗa, sai tukunyar fure guda a baranda.

Baba tela ne. Ya yi shekara da shekaru a bakin kasuwa, ƙafa na kan keke baki na kan hira, shagonsa bai taɓa rabuwa da masu gardama ba. Amma tun da ya zo birnin nan ya koma kamar rediyon da aka zare wa batir. Daga kujerar falo sai ta baranda, yana kallon bangon gidan da ke fuskantarsu.

"Ƙarshen wata zan koma gida," ya ce da ita rannan, tana zuba masa shayi.

"Baba, likita fa ya ce..."

"Likita ya ce kada in faɗi. Bai ce in zauna gadin tukunyar fure ba."

Ta kira Yaya a waya tana tsaye a matattakala, don kada Baba ya ji.

"Ki riƙa fita da shi mana," in ji Yaya. "Gari guda a gabanki, ke ba inda kika sani sai asibiti da gida. Ni dai in wata ya ƙare bai sauya ba, ba zan ɗaure mahaifina ba. Zan zo in kai shi."

Gaskiya Yaya ya faɗa. Auta a ɗakin gwajin jini take aiki, ta fi sabawa da kwalabe da na'urori a kan mutane. Idan abokan aiki suka shirya fita, sai ta ce kanta na ciwo. Da ta ambata wa Baba gidan namun daji, cewa ya yi ya san yadda zaman keji yake, ba sai ya je ya gani ba. Don haka lokacin hutun rana ta zauna a bayan firjin ajiye jini, ta shiga bincike a wayarta, tana neman abin da babu shi a garinsu, abin da zai sa tsoho ya ce lallai birni daban ne.

Asabar ta farko ta kai shi wani gida da ake kulle mutane a ɗaki su nemi hanyar fita da kansu. Ma'aikaciyar wurin ta yi musu bayani da fara'a, ta ja ƙofa, suka ji ƙarar makulli.

"Wato," in ji Baba a hankali, "mu muka kawo kanmu, muka biya, don a kulle mu."

"Wasa ne, Baba. An ɓoye alamomi, mu za mu gano inda ɗan makullin yake."

"Ita wadda ta kulle mu ba ta da shi?"

"Tana da shi."

"To ki bar baiwar Allah ta yi aikinta."

Ya jawo kujera ya zauna, ya kama gefen labule yana duba kalmasar, yana girgiza kai. Auta ita kaɗai ta yi ta buɗe akwatuna, tana leƙa bayan hotuna, har ta zaro makullin daga cikin wani mataccen agogo. Ba ta san lokacin da dariya ta kufce mata ba. Baba ya saki labulen ya dube ta.

Asabar ta biyu gidan shayi suka je, inda aka saki kuliyoyi suna yawo tsakanin tebura, mutane na shafa su suna ɗaukar hoto.

"A gida tsintsiya muke ɗaukar musu," in ji Baba. "A nan su ne masu shago."

Wata baƙa mai farin wuya ta haye cinyarsa ta naɗe ta yi barci. Ya zauna cak har shayinsa ya huce.

"Kada ki ɗauka sonta nake yi," ya ce. "Ba a tashin mai barci ne kawai."

Auta ta koma gida da ƙwarin gwiwa. Amma da safe Baba ya tambaye ta ko Yaya ya kai motarsa an duba tayoyin, tunda hanya da nisa.

Ta ukun ce ta ɓaci. Wurin koyon ginin tukwane ne, kowa da faifansa mai juyawa da curin yumɓu a kai. Ta yi tunanin mai sana'ar hannu zai ji daɗin aikin hannu. Ta manta cewa tun faɗuwar nan hannunsa na dama yake rawa. Yumɓun ya tashi kamar zai zama kofi, ya karkace, ya zube. Ya sake gwadawa, ya sake zubewa. Malamar ta matso ta kama hannunsa tana cewa, "Haka, Baba, a hankali," da irin muryar da ake yi wa ɗan yaye. Mutumin da yake yanka yadi ba tare da ya ja alli ba. Ya tashi ya wanke hannunsa, ya cusa shi a aljihu, ya fita ya jira ta a waje.

A hanyar dawowa aka tare titinsu, bas ta sauke su nesa da gida, dole suka taka. Kunya ta hana ta ba shi haƙuri, sai ta sunkuyar da kai cikin waya, wai tana neman inda za su je mako mai zuwa. Da ta ɗago, babu Baba a gefenta.

Yana can baya, a jikin wani dogon shingen kwano da aka kewaye fili da shi. Wani falle ya ɓalle, ya bar taga kamar faɗin ƙofa. Tsofaffi uku na tsaye a wurin, hannuwa a baya, suna leƙawa. Ɗayansu, mai riƙe da lema ko da yake ba ruwa ba rana, ya ɗan matsa gefe ba tare da ya juyo ba, Baba ya shige gurbin. A ciki wani ƙaton rami ne, katafila na kwasar jar ƙasa tana juyewa a tifa.

"Baba, ƙura," in ji Auta. "Mu je ka huta."

Ya biyo ta, amma ya waiwaya.

Daga ranar ya fara cewa zai je miƙe ƙafa. Idan ta dawo da yamma takan tarar da shi a baranda kamar kullum, sai dai ya fi cin abinci, ya kuma fara gyangyaɗi tun kafin a gama labarai. Maganar tafiya kuwa bai janye ba. Yaya ya ce Asabar zai zo. Auta ta yi iyakar ƙoƙarinta na ƙarshe, ta samo musu gurbi a wani jirgin ruwa mai gilashi a ƙasa, wanda ake ganin kifaye ta cikinsa. Ranar Alhamis ta roƙi shugabarta ta sallame ta da wuri.

Ta tarar da gidan a kulle. Ta buɗe ta shiga, ta duba banɗaki, ta duba baranda, ta duba bayan kujeru. Wayarsa na kan tebur. Ta sauko da gudu.

"Babanki?" in ji mai sayar da lemo da ayaba a ƙofar gidan. "Ai ya tafi aiki."

"Aiki?"

"Haka yake ce mini kullum. Wai in bai je ba za su karkata ginin. Bi nan, wajen shingen kwano."

Tun daga nesa ta jiyo muryarsa. Ta ɗan tsaya, don ta daɗe ba ta ji ta da ƙarfi haka ba. Akwai wata motar kwaɓa kankare da aka ajiye a gefen titi, sai ta raɓe a bayanta.

Sun zama su biyar yanzu, har an samo benci, amma ba wanda ya zauna a kai. Ramin ya cika da rodi, an ɗaure su kamar keji, wani inji mai dogon wuya yana ɗaga dami guda sama a hankali. Duk kawunan suka bi shi, suka sauko tare da shi.

"Na faɗa muku zai yi lilo," in ji mai lema. "Mai tuƙin nan sabon hannu ne."

"Kai da ka ƙare rayuwarka a gidan waya kana buga hatimi, me ka sani a tuƙin inji?" in ji wani gajere mai gilashi.

"Kai kuma fa, Malamin Lissafi? Jiya ka ce ginshiƙi goma ne, da aka ƙirga fa?"

"Sun ƙara ne da na tafi gida."

Aka yi dariya. Wani ma'aikaci mai hular kwano ya zo wucewa ta ciki, ya ɗaga musu hannu.

"Injiniyoyi, yau me muka yi ba daidai ba?"

"Komai," in ji su gaba ɗaya.

Baba ya zaro hannunsa na dama daga aljihu, yana rawa, ya nuna kusurwar ramin da shi, ko a jikinsa.

"Ku dubi can. Wancan gefen ya fi wannan tsawo. Ni ban san gini ba, amma na san abin da aka yanka a karkace. Otal za su yi, shi ya sa suka bar wurin juya mota."

"Asibiti ne, Tela," in ji mai lema. "Surukina ya ji daga bakin mai kawo yashi."

"Surukinka ne ya ce za a gama rami a mako guda."

"Asibiti ne."

"Otal. Bari su kai sama su fara fitar da baranda, za ka gani. Asibiti ba ya yi wa kowane ɗaki baranda."

"Kafin su kai can sai baɗi war haka," in ji Malamin Lissafi. "Kai da aka ce jibi za a zo a ɗauke ka kamar buhu."

"Wa ya ce?"

"Kai ka ce."

"To na fasa. In tafi in bar wannan da lemarsa yana yi wa jama'a ƙarya a bakin titi? Ina nan har a sa fenti. Ranar da aka kafa allo aka rubuta otal, a gabana zai karanta shi da ƙarfi."

Auta ta dafa jikin motar. Ƙarfen da zafi, amma ba ta ɗauke hannunta ba.

"Ka gaya wa 'yar taka?" in ji mai lema.

"Zan gaya mata. Shi babban na riga na kira shi da safe, na ce ya bar tayoyinsa su huta."

"Ita ce mai kai ka wurin kuliyoyi?"

"Ita ce. Yau ma na ji tana waya, wai kifi za mu je kallo ta ƙasan jirgi. Kifi, jama'a."

Suka kwashe da dariya har Malamin Lissafi ya cire gilashi yana goge ido. Auta ta ƙara raɓewa a bayan motar.

"Kada ku yi mata dariya," in ji Baba, shi ma yana yi. "Yarinyar kirki ce. Kunya ce ta yi mata yawa, uwarta ta biyo. Shekarunta nawa a garin nan, ba ta da inda take zuwa, ba ta da wanda take kira. Sai da na zo ta fara fita. In na tafi, wa zai riƙa raka ta wuraren shirmen nan? Ni dai in ta ce kifi, kifi za mu gani."

"To ka kawo ta nan mana."

"A'a. Ƙura za ta ce."

Injin ya sake ɗaga wani damin rodi, maganar ta yanke, kawuna suka koma sama. Baba ya kare idonsa da tafin hannu, bakinsa a ɗan buɗe, kamar yaro a gaban mai siddabaru.

Auta ta duba agogon wayarta. Idan suka tashi yanzu za su sami jirgin. Ta taka ƙafa ɗaya za ta fito, sai ta ji mai lema ya ce ai baranda ma ana yi wa asibiti, Baba kuma ya juya gaba ɗaya ya fuskance shi, ya gyara tsayuwa, alamar gardamar ba mai ƙarewa da wuri ba ce.

Ta mayar da wayar cikin jaka. Ta zagaya ta bayan motar, ta tsallaka titi, ta bi ta inuwar shaguna ta nufi tashar bas ɗin da ke zuwa bakin ruwa.