Baba Ba Ya Kiɗa a Kan Kafet

Ina shiga zauren na hango kafet, sai gabana ya faɗi. Wurin nan mun san shi, daɓensa katako ne tun daga ƙofa har dandamali. Yau ga wani jan kafet mai kaurin katifa an lulluɓe dandamalin kaf.

Ga kowa, kafet kafet ne. Amma mai ganguna a ƙungiyarmu mahaifina ne, ni ce mai waƙa, kuma kunnen Baba ya daɗe da tafiya. Gangunan da yake so su suka cinye shi a hankali. Daga ni sai Dogo mai jitar bes, jitar nan mai kaurin sauti, muka san zurfin abin. Dogo kan ajiye sifikarsa a kan katako dab da kujerar Baba, shi kuma ya zare takalmi a ɓoye bayan babbar ganga, kiɗa ya riƙa shigo masa ta tafin ƙafa. Haka muke rufa wa juna asiri.

Sai dai Oga, shugaban ƙungiya, ya fara shinshino wani abu tun ranar da muka yi wasa a kan siminti Baba ya yi ta kuskure shiga. Yau ya zo da wani baƙin akwati mai maɓallai, irin na'urar nan da ke buga ganga babu hannun mutum.

"Idan Dattijo ya sake zamewa, zan danna wannan," in ji shi. "Ba raini ba ne, sana'a ce. Ya koma gida ya huta."

"Huta? Oga, ka taɓa ganin Baba ranar da babu wasa? Tukwanen Inna yake bugawa da cokali har sai ta kore shi waje."

Na nufi manajan zauren, na haɗiye fushina na rusuna.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a naɗe mana kafet, wajen ganguna kawai."

"Sabo ne fa, jiya aka shimfiɗa. A kan wane dalili?"

Dalilin kuwa sirrin Baba ne, ba nawa ba.

"To tunda babu dalili, babu naɗewa," ya ce, ya juya abinsa.

Na dawo na tsaya inda Baba zai ga bakina sosai. "Baba, kafet."

"Na gani. Kunne ne ya tafi, ido yana nan."

Zaure ya cika. Waƙar farko mai sanyi ce, Baba ya kafe yatsun Dogo da ido, muka lallaɓa muka haye. Ta biyu kuwa gudu take yi. Ba mu kai tsakiya ba na ji ganga tana jan ƙafa a bayana, ina gaba tana baya. Wallahi tsoro ya kama ni. Na waiga, sai na ga yatsan Oga yana tafiya wajen akwatin.

Baba ma ya gani. Ya ɗaga sanda sama, ya tsayar da kiɗa cak.

Ya taso ya karɓe makirfo daga hannuna. Da ƙarfi ya yi magana, yadda wanda ba ya jin kansa yake yi, har sifika ta yi ƙara.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Ni ba na ji. Na daɗe ba na ji, ina ɓoyewa kamar wanda ya yi sata. To ban saci na kowa ba." Ya sunkuya ya cire takalmansa ya ɗaga su. "Da ƙafa nake jin kiɗa, wannan bargon kuma ya toshe ni. Dogo, ɗaga ganguna. Ke, kama can."

Manaja ya taho a guje yana "Kai! Kai!" Na sha gabansa.

"Ɗazu ka ce babu dalili. Ga dalili nan ka ji da kunnenka, tunda kai naka yana aiki."

Wata dattijuwa a layin gaba ta ce, "A naɗe mana!" Zaure ya ɗauka. Manaja ya tsaya riƙe da ƙugu, muka naɗe masa kayansa tsaf muka jingine a bango.

Baba ya zauna, ya shimfiɗa tafin ƙafa a kan katako. Dogo ya ja tsirkiya ɗaya mai kauri, sai na ga kafaɗun Baba sun sauka. Mutane suka ɓarke da tafi. Ya kalli hannuwan da ke haɗuwa, ya girgiza kai.

"Wannan ba ya iso ni. Duk mai so na ji shi, ya buga ƙafa."

Da ganga ta tashi, ƙafafu suka tashi da ita. Daɓe ya ɗauki rugugi har ruwan kofin Oga yana rawa. Na shiga waƙa hawaye na zuba, ban ko share ba. Oga ya kalli akwatinsa, ya kalli Baba, ya zare wayar daga bango ya tura shi ƙarƙashin kujera da ƙafa.

Ana cikin haka Baba ya yafito ni da kai, hannunsa bai tsaya ba. Na matsa na sunkuya, na zaci godiya zai ce in isar.

"Suna sauri," ya ce. "Faɗa musu su bi ni."