Ƙoƙon Mushe Bernard

"Ɗaga mini kai kaɗan, Germaine. Ba da hanci za ni sha ba."

Inna Germaine ta tallabo ƙeyar mijinta, ta kai masa ƙoƙon baki. Mushe Bernard, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, ya kurɓa, ya juya abin a baki yadda ya saba, ya lumshe ido. Maƙwabcinsu Sha'ibu tela yana tsaye a gefen kujerar, yana kallon maƙogwaron tsohon kamar mai jiran hukuncin alƙali.

"Wagga ta ina ta?"

"Ta Kiéché ta, Mushe."

"Mai ita gaggawa gare ta. Ba ta bari tsiro ya bushe ba tan niƙa. Tsami ya riga daɗi isowa." Ya kau da kai. "Kawo ta gaba."

Burkutu kala uku ne jere a gindin dogon yaron, duk Sha'ibu ne ya ɗauko su cikin bidon, wato jarka, a bayan moto, ɗan babur ɗinsa, shi da bai taɓa sa giya a bakinsa ba tun da uwarsa ta haife shi. Abin da ya sani game da ita ƙamshi ne kawai, wanda ya yi shekara da shekaru yana tsallako masa katanga har cikin shagonsa, lokacin da Inna Germaine take dafawa. A zamanin nan duk mashayin da ke Dogon Dutsi ya san randarta. Abin mamaki, ita kanta ba ta sha. Harshen mijinta ne ma'auninta: ƙoƙon farko nasa ne, idan ya ce ta yi, a sayar, idan ya girgiza kai, a zubar. Ranar da likita ya hana shi sha, ta kife tukwanenta a bayan madafi, ba ta sake waiwayar su ba.

Yanzu ga shi an dawo da shi daga asibitin Dosso, ƙafafu sun kumbura, ido ya yi rawaya, likita ya ce a ba shi duk abin da ransa yake so. Babu wanda bai gane ma'anar wannan magana ba. Aka kawo fura ya ƙi, aka dama kunu ya ƙi, tsohon malamin makarantar ya ce shi abu ɗaya yake so kafin ya tafi, giyar matarsa. A ranar ta jiƙa dawa. Sai dai giya ba shayi ba ce: sai dawar ta jiƙu, ta tsira, ta bushe, a niƙa, a dafa, a sake dafawa, sannan a bar ta ta tashi. Mushe kuwa kullum gari ya waye sai an ga ya ragu.

Shi ya sa Sha'ibu ya ce bari ya zagaya ƙauyuka, ko a dace da mai kama da ita. Matarsa Asiya ta riƙe haɓa.

"Kai da ka sahun gaba masallaci, a gan ka da bidon giya rana tsaka?"

"Ba sha za ni yi ba. Mutumen ga shi yak koya ma ɗiyanmu karatu, shi yaɗ ɗauke ki zuwa likita randa niy yi tahiya. Mi kika so in yi, in zamna in ta ɗinki?"

Tafiyarsa ta farko Ɗan Kassari ya je, kuma a nan ya nuna shi baƙo ne a harkar. Don kada ta zube, ya ɗaure bakin bidon da leda, ya murɗe murfin iya ƙarfinsa. Rana ta buga, hanya ta jijjiga, bai kai rabi ba murfin ya yi tsalle, giya ta wanke shi tun daga hula har takalmi. Ya shigo gari yana wari, yana sunkuyar da kai. Mushe ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Malam Sha'ibu, abu mai rai ba a toshe mishi lumhwashi."

Ragowar wannan bidon ce aka zuba masa ta biyu. Ya ce hayaƙi ya shige ta, da ɗanyen icce aka dafa. Ta uku daga Lugu take, wurin wata tsohuwa da sai da ta yi wa Sha'ibu kallon sama da ƙasa kafin ta ɗebo masa. Wannan Mushe ya daɗe da ita a baki.

"Wagga ta san hannu," in ji shi a hankali. "Ta yi kusa. Amma ba ita ba ta."

A lokacin ne Sha'ibu ya lura da abin da Inna Germaine ta riga shi gani. Maƙogwaron bai motsa ba. Duk abin da tsohon ya kurɓa ta gefen baki yake dawowa, tana share masa da bakin zanenta. Sha'ibu ya kau da ido, ya hau tattara bidon.

Ya same ta daga baya tana yayyafa wa dawar ruwa a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu. Tsiron ya fara leƙowa, fari, ɗan siriri.

"Inna, babu wata dabara? A sa mata wani abu ta yi sauri?"

"Dawa ba ta jin rarrashi, ɗana. Da tana ji, da na duƙa mata."

Ya yi abin da zai iya, wanda ba shi da yawa. Ya shanya tsiron a kan kwanon shagonsa don ya fi zafi, ya kai injin niƙa da kansa, ya faso busasshen icce, ya tayar da tukwanen da suka daɗe a kife, ƙadangaru suna watsewa. Aikin mutane ya taru a shago, bai ko leƙa ba. Duk sa'ad da ya wuce ta gindin dogon yaron sai ya saci kallon ƙirjin Mushe, ya ga ko yana ɗagawa.

Ranar dahuwa ta biyu ƙamshin ya cika gidan, ya tsallaka katanga kamar da. Mushe ya buɗe ido, hancinsa ya motsa.

"Ta ɗauki hanya," in ji shi.

Inna Germaine ta ɗebo ruwan a ludayi, ja, mai zaƙi, bai riga ya zama giya ba. Ta fifita shi, ta durƙusa a gaban kujerar.

"Mushe, ko wanga ka taɓa. Hannuna na, dawata ta."

"Ruwan yara na. Yaushe kit taɓa ba ni ɗanya?"

"Don Allah, Mushe," in ji Sha'ibu. "Ko ɗigo guda."

"Ku bari ta tashi. Ina jira."

Ba su da yadda za su yi da shi. Da ruwan ya huce ta juye shi a randa, ta zuba masa abin da ya kwanta a gindin bidon Lugu don ya tayar da ita, ta rufe da faifai. Mushe ya jira iyakar iyawarsa. Da la'asar sakaliya, Sha'ibu yana daidaita masa matashi, ya ji nauyin kan ya sauya a hannunsa.

Washegari da hantsi aka kai shi. Sha'ibu ya tsaya a bakin coci har aka gama addu'a, ya bi gawar zuwa maƙabarta, ya zuba ƙasa da hannunsa. Da aka dawo, tsakar gida ta cika da tabarmi da masu gaisuwa. Inna Germaine ta yafito Sha'ibu zuwa bayan madafi.

Tun kafin ta ɗaga faifan ya ji randar tana 'yar ƙara, shuu, kumfa ta taso har wuya. Ta ciro ƙoƙon Mushe daga inda yake rataye, ta ɗebo, ta tsaya da shi a hannu.

"Ta tashi," in ji ta. "To wa za shi hwaɗa mini ko ta yi?"

Sha'ibu ya dubi ƙoƙon. Ba abin da bai ɗauko wa mutumin nan a bayan moto ba, amma wannan ɗaya ba zai iya ba, ita ma ta sani. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai kusa da hanci.

"Ƙamshin dai shi na, Inna. Wanda nika ji ta katanga."

Ta jinjina kai, ta karɓi abinta. Ta ratsa ta cikin masu gaisuwa ba ta kula kowa ba, ta je gindin dogon yaron, inda kujerar take har yanzu da matashinta. Ta ajiye ƙoƙon a ƙasa ta hannun dama, ta gyara masa zama da ɗan dutse don kada ya karkace. Kumfar tana ta tasowa tana fashewa a hankali.